Ranar da Kawu Ya Ga Yatsuna

Ranar wata Asabar cikin hutun Ista, a shekarar da na gama firamare, ina zaune a shagon Babanmu da ke Samaru ina buga wa wani ɗalibin jami'a aikinsa a kwamfuta, sai Kawu Istifanus, yayan Mamanmu, ya shigo daga Kaduna. Ya gaisa da Baba, ya ja benci ya zauna a bayana. Janareta na ta ruri, ɗalibai sun yi layi har bakin kwata, ni kuwa hannuna bai bar kan kibod ba. In yanko sakin layi, in kai shi wani shafi, in ƙara wa kanun kauri, in adana, duk da maɓallai. Can sai Kawu ya ce, "Yarinyar nan ba ta taɓa maus ne?"

Ai babu maus ɗin ma. Tun daminar da ta wuce rufin shagon ya yi yoyo a kansa ya mutu, Baba ya yi ta cewa zai sayo wani a Kano. Yayata Rifkatu, wadda ta tsaya da karatu a aji uku na sakandare don ta taimaka a shago, ita ta hana aiki tsayawa. Ta yi ta danna maɓallai bibbiyu tana ganin abin da za su yi, wasu kuma ta tambayo wurin ɗalibai, har ta fi masu maus sauri. Ni aikina shara ne da jera takardu, amma in rana ta yi, mutane suka ragu, sai ta ɗora ni a kujera ta rufe mini hannuwa da ɗankwalinta. "Kada ki kalli yatsunki, Saratu, kalli allo." A motar komawa gida Sabon Gari ma cinyarta ce kibod ɗina, tana faɗin umarni ina dannawa, in na kuskure ta mintsine ni mu yi ta dariya.

Abin da ban sani ba shi ne, Kawu ya zo ne ya ɗauki ɗaya daga cikinmu ya sa ta makaranta a Kaduna, kuma kowa a gida ya ɗauka Rifkatu ce. Shi ya sa Mama ta tsare ta a gida ranar, ta kai markaɗe, ta fige kaza, ta tuƙa masa tuwon shinkafa.

Da yamma, bayan ya ci ya wanke hannu, ya ce da Baba, "Wannan ƙaramar zan tafi da ita. Kanta na ja." Na ce, "Kawu, ai Yaya ce ta koya mini duka." Ya yi dariya ya shafa kaina, ya ce ga shi kuma ina da ladabi. Na dubi Baba, Baba ya dubi ƙasa, don ya san in Rifkatu ta tafi shagon ya rufe. Ita kuwa tana tsugune tana tattara kwanuka, ba ta ɗago ba. Washegari bayan an taso daga coci ita ta yi mini kitso, ta ninke mini kayana, har da siket ɗinta mai ruwan bula da ta ɗinka don tafiyar.

Yau ina aiki a ofis a Abuja, abokan aiki na tsayawa kallon saurina. Shagon ya daɗe da rufewa, Rifkatu tana sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari. Kwanakin baya ta kira ni, wai in taimaka wa ɗanta ya cike takardar neman shiga jami'a. "Ke ce kika san kwamfuta," ta ce, ba da gatse ba, da zuciya ɗaya. Na ce to, Yaya. Da ta taɓa yi mini gori ko sau ɗaya ne, da abin ya fi mini sauƙi.