Bokitin Ruwa a Motar Dawaki

In kana son ganin ɓacin ran Nesta Gittins, ambaci shekarar 1997 a gabanta. A watan Maris na shekarar ta karɓi lasisin ƙaramar mota, tana 'yar shekara goma sha bakwai. Da ta karɓa kafin Janairu, da lasisin nan ya ishe ta jan babbar motar ɗaukar dawaki har tsufanta, ba mai tambayar ta komai. Wata biyu kacal fa! Doka ta canza, aka bar ta a waje. Shi kuwa Dilwyn, mijin yayarta, wanda ko baro bai iya turawa a miƙe ba, yana nan yana fankama da tsohon lasisinsa, don kawai ya riga ta zuwa duniya da shekara uku.

Da farko abin bai dame ta ba, tunda mahaifinta Emlyn ne direban gidan. Gonarsu tana fadama, a bakin kogi, can cikin ƙasar Wales. Kowace shekara in ruwan Nuwamba ya kankama kogin yakan cinye filayen kiwo, sai a kwashe dawaki a kai su wani fili a kan tudu, tafiyar mil tara, hanya duk kwana-kwana.

Emlyn ne ya koya mata jan motar a cikin gona, kuma da bokiti ya koya mata. Yakan cika shi taf da ruwa, ya ɗaure a baya inda doki ke tsayawa. In ta zubar ko da cikin kofi ne, sai ta sauka ta koma gida a ƙafa.

"Doki ba shi da hannun kama ƙarfe, 'yar nan," haka yake ce mata. "A tsaye yake, bai san kwana na zuwa ba. Ke ce idonsa."

Kafin ta kai ashirin tana zagaye gonar kaf, har da gangaren bayan rumbu, bokiti bai yi ko ɗigo ba.

Sai idon Emlyn ya mutu. Bara, da ruwa ya taso, ba yadda suka iya, Dilwyn ya ɗauki Seren, goɗiya ɗaya tilo da ta rage musu. Ya sha kwanar da ke gaban coci kamar wanda aka biyo, goɗiyar ta zube a ciki, ƙafar baya ta tsage har ana ganin ƙashi. Wata uku Nesta tana durƙushe tana wanke ciwon. Ko haƙuri bai ba ta ba. Cewa ya yi, "Haba ƙanwata, doki ne fa, ba ƙwai ba." Ranar ta rantse ba zai sake taɓa mata dabba ba. Bana kuma ga Seren da ciki, ga Nuwamba saura sati shida.

Shi ya sa Nesta, da shekarunta arba'in da huɗu, ta je neman lasisin babbar mota. Aka ce ta yi amfani da motar makarantar tuƙi, ta ce atafau sai tata, ita ta san inda giyarta ke gardama. To, ta sha aiki. Ta ƙara madubai don mai jarrabawa, ta gyara bel ɗin kujerarsa, ta wanke bayan motar sau uku, ta kuma ɗauko malamin tuƙi ya zauna gefenta ya raka ta, wai ita ɗaliba. Ɗaliba!

Mai jarrabawar wani siriri ne mai tabarau. Yana hawa ya yamutsa hanci.

"Madam, ba dabba a ciki dai ko?"

"Babu, malam. Warin ne ya ƙi fita."

Ta yi tuƙin da ba ta taɓa yin mai kyansa ba. Tun daga nesa take sassauta totur, ta taɓa birki a hankali. A shataletale ba ta kutsa ba sai da hanya ta buɗe sosai, don in ka fizgi mota daga tsaye, doki ya zauna a kan gindinsa. Kowace kwana ta bi ta sannu. Motoci suka yi jerin gwano a bayanta, ko a jikinta. Da suka dawo ta kashe mota, har murmushi take.

"Ki yi haƙuri, ba ki ci ba," in ji shi.

"Me ka ce?"

"Kina jinkiri da yawa. Sau huɗu kika sami sarari a shataletale kika ƙi shiga. Inda ake gudun hamsin ke kina talatin. Kin tare wa jama'a hanya."

"Malam, ka taɓa tsayawa a bayan mota hannunka a ɗaure?"

"Madam, motar nan ba kowa a bayanta."

"Yau ne ba kowa! Ce maka aka yi lasisin ɗaukar iska na zo nema?"

Ya miƙa mata takarda ya sauka abinsa. Kai, ranar Nesta ta ga baƙin ciki. Wanda ya raunata mata goɗiya doka ta yarda da shi, ita da ba ta taɓa kayar da ko ɗan tunkiya ba an ce ba ta iya ba. Labari ya isa gida kafin ta isa. Ta tarar da Dilwyn a kicin ɗinsu yana shan shayi, yana kaɗa makulli a yatsa.

"Ƙanwata, an ce har mai keke ya wuce ki? Kwantar da hankalinki, in ruwa ya zo ina nan."

"Ajiye mana kofinmu ka fita."

Emlyn yana zaune gefen murhu, duk yana jin su.

Da ƙyar ta sami wata ranar jarrabawa, sati biyar gaba. Kafin ranar ta zo kogi ya fara lasar shingen da ke gangaren gonar, Seren tana tsaye cikin taɓo har idon sawu. Da safiyar ranar jarrabawar Nesta ta hango mahaifinta yana lalube a bayan motar, ta ɗauka sakata yake dubawa, yadda ya saba.

Mutumin nan dai mai tabarau aka sake haɗa ta da shi. Ta cije leɓe ta ba shi abin da yake so. Ta kutsa shataletale da ɗan sararin da ta gani. Ta taka hamsin inda aka ce hamsin. Ta sha kwana yadda direbobin motocin ɗaukar bulo ke sha, tana zagin dokar da wanda ya rubuta ta a zuci.

"Yauwa, madam! Yau kam kin yi tuƙi," in ji shi. "Kin ci."

Ko godiya ba ta yi masa ba.

Da ta shigo gida Emlyn yana tsaye a tsakar gida cikin yayyafi, ya dogara da sanda. Ya laluba ya zare sakata, ta taya shi sauke ƙofar baya, ya hau a hankali. Sai a lokacin ta ga bokitin, ɗaure a kusurwar da aka saba. Tsohon ya sunkuya ya zura hannu har ƙasansa. Ruwan da ya rage bai rufe masa yatsu ba. Ya shafa daɓen motar, ko'ina sharkaf.

"Ashe kin ci," ya ce.

"Na ci, Baba," ta ce cikin haushi. "Sai da na zubar maka da ruwa kaf suka ce na iya."

Ya kwance bokitin ya miƙa mata.

"To, kin ba su nasu. Je ki ciko shi, sannan ki kamo Seren."