Kwanar da Makara Ta Kasa Juyawa

Ta yaya mutumin da ya auna wa gari lungunansa zai bar gidansa ta kan katanga? Shekaru nake juya wannan tambaya, har yau ban samu amsa ba.

Garinmu ƙauye ne tsakanin Daura da Sandamu. A shekarun da aka dawo da shari'a ya fara cika. 'Yan kasuwar Mai'adua suka sayi gonakin yamma, makiyaya suka gaji da yawo suka zauna, dagaci ya ce a yanka filaye. Maigidana manomi ne, bai yi boko ba, amma shi aka sa fitar da hanyoyi. Ba ya awo da igiya. Makarar masallaci yake sa a ɗauko, mutum huɗu su saɓa ta, su bi inda za a bar lungu. In ta wuce, ta juya a kwana ba ta taɓa turke ba, sai ya ce a yi gini.

Baƙi suna masa dariya. Wani ya ce, "Baba, gida muka zo ginawa, kai kuma kana mana fatan mutuwa?"

Ya ce, "In ka yi niyyar ba za ka fita ba, faɗa mini in rage maka."

Mu ma muka koma sabuwar unguwar. Gidanmu ne na ƙarshe a lungu, bayanmu gonar gero.

Abin bai lalace rana ɗaya ba. Masu wuta suka zo suka kafa sandarsu daidai kwanarmu, ba su tambayi kowa ba. Bayan damina biyu aka haƙa kwata a ɗaya gefen, su ma da takardarsu. Sannan maƙwabcinmu ya turo katangarsa kamu ɗaya ya fitar da shago. Mutumin kirki ne. Shi ya haƙa rijiyar burtsatse, duk lungun a gidansa muke ɗiban ruwa kyauta.

Na ce, "Malam, ginin mutum nawa ka sa aka rushe a garin nan, ga taka hanyar ana toshewa kana kallo?"

Ya ce zai yi magana. Ƙanensa ya ce a kai gaban alƙali, tunda yanzu ba a wasa da haƙƙin hanya. Malam ya ce shi ba zai sha ruwan mutum da safe ya kai shi ƙara da hantsi ba.

Zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi, cikin azumi, gero ya kai kafaɗa. Makara ta shigo a karkace, da yake babu kowa a kanta, ba wanda ya lura. Aka yi masa wanka da sutura, aka ɗora shi, maza suka fita da shi. Ina zaune cikin mata sai na ji takunsu ya tsaya. Na ji ana cewa, "Ɗaga gaba." "A'a, ja baya." "Sandar ce, sandar!" Aka daɗe.

Sai ga su sun dawo da shi tsakar gida.

Na miƙe tsaye. Tunda nake ban taɓa ganin gawa ta fita ta dawo ba. Wallahi na ɗauka numfashi ya yi. Har na yi taku biyu wajensa kafin yayata ta riƙe ni.

Turmina suka kifa a gindin katangar baya. Maza biyu suka hau, wasu suka zagaya ta gona. Aka ɗaga shi sama ana miƙawa hannu da hannu kamar damin dawa. Makarar ta karkata, tabarma ta zame, na ga tafin ƙafarsa cikin likkafani. Gero kawai na ga yana motsi.

Maƙwabcin yana cikin waɗanda suka karɓe shi ta can. Kafin sadakar uku ya rushe shagon da hannunsa, yana kuka kamar mace. Sandar wutar kuwa tana nan har yanzu.

Ana gobe Malam zai rasu, bayan la'asar, na kawo masa jiƙo. Maimakon in tambaye shi jiki, maganar kwanar da shagon maƙwabcin na sake tayarwa, Allah ya yafe mini. Ya kurɓa, ya miƙo mini ƙwaryar, ya ce, "Haba, uwar yara. Bar shi ya sayar da kayan sallarsa tukuna. Bayan salla ni da kaina zan je."