Bos Anteno da Ginshiƙin da Bai Ƙarasa Ba

Daga Allah muke, kuma komai daɗewa wurinsa za mu koma. A ranar Alhamis, sha bakwai ga watan Oktoba, da la'asar, Allah ya karɓi ran Anteno Merizye, masassaƙin jiragen ruwa na tsibirinmu na Tilanbi a nan kudancin Haiti, wanda babba da yaro suke kira Bos Anteno. Bai rasu a kan gadonsa ba. Ya cika a cikin jirgina, a tsakiyar teku, kansa a kan cinyar 'yarsa, muna hango rufin gidajen birnin Okay amma ba mu da abin da zai kai mu.

Ni ce Ismen, matar ƙaninsa, marigayi Lisyen. Fada, limamin cocinmu, ya ce in rubuta abin da za a karanta a coci, na ce masa ban san ta inda zan fara ba. Ya ce in yi kamar ina magana da shi. To, Yaya, da kai nake.

Ka tuna lokacin da teku ta ci Lisyen? Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba masu son jirginsa suka fara sallama a ƙofata. Jirgin nan mai suna Alherin Allah, shi kaɗai ne babban jirgin ruwa mai tafiya da iska a tsibirin. Shi yake fita da gawayinmu da busasshen kifi, ya dawo mana da shinkafa da magani da durom-durom na ruwan sha. Wani daga cikin masu tayin ya dube ni a gabanka ya yi dariya.

"Mace da jirgi? Ai sai dai ta riƙa shanya wanki a igiyoyinsa."

Ba ka ɗaga kai daga katakon da kake fiƙewa ba, ka ce, "To, kawo naka wankin, za ta shanya maka. Jirgi dai ba na sayarwa ba ne."

Daga ranar babu wanda ya sake tayawa. Kai ka nemo mini Dyefo ya zama kyaftin, kai ka zagaya da ni cikin jirgin kana nuna mini inda ruwa yake sata ya shigo, da inda igiya take cinyewa. Ka ɗora hannuna a kan ginshiƙin jirgin, dogon icen nan da ake ɗaura wa ƙyallen da iska take turawa, ka ce in ƙwanƙwasa in saurara. Ka ce lafiyayyen ice amsawa yake yi, mai ciwo kuwa nishi yake yi. 'Ya'yana huɗu da jirgin nan na ciyar da su, ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba.

Ba ka da sauƙi, Yaya, ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba. Akwai wata ranar kasuwa da jirgi ya cika da mata 'yan kasuwa da kwandunansu, ana shirin tashi, sai ga ka kana ratsowa cikin ruwa, wando a naɗe. Ka hangi sabon fenti a gindin ginshiƙin.

"Dyefo, wannan kwalliya fa? Aure za ka kai shi?"

"Haba Bos, ado ne kawai."

"Ado? Ɗan banza, matsa in ga abin da amarya take ɓoyewa."

Ka sa wuƙa ka kankare fentin, sai ga tsagewa da yatsa zai shiga. Ka zauna a kan ƙugiyar da ake kafe jirgi da ita ka ce wanda zai tashi sai dai ya ɗaga ka tare da ita. Babu zagin da matan nan ba su yi maka ba. Kifinsu ya kwana, kasuwa ta wuce su. Kai kuwa kana ta ɗaure tsagewar da ƙarfe kana rera waƙar coci, kamar ba da kai ake ba. Da yamma ka bi su gida-gida da kofi a buta kana ba su haƙuri, kana cewa gara su zage ka a ƙasa da a yi musu kuka a bakin ruwa.

Sai guguwar bana ta zo. Ta kwashe rufin gidaje, ta farfasa ƙananan kwalekwale a kan duwatsu, ta tafi da ɗan jirgi mai inji guda ɗaya da muke da shi. Ruwan teku ya hau tudu ya shiga rijiyoyi da tankin coci, duk suka koma gishiri. Waya ta mutu. Alherin Allah bai nutse ba, domin kai ka sa aka ja shi cikin lungun bishiyoyin bakin ruwa, amma ginshiƙinsa ya karye gida biyu. Na gan shi kwance a kan jirgin. Na san abin da kowa ya sani: babu ginshiƙi babu tafiya, babu tafiya babu ruwan sha.

Aka zagaye tsibirin ana neman ice. Ina ice? Manyan bishiyoyinmu tun zamanin iyayenmu suka zama gawayi. Abin da ya rage gajeru ne, karkatattu, ba su isa ko sandar tuƙi ba. Miƙaƙƙiyar bishiya guda ɗaya ce a duk Tilanbi, wadda take bayan gidanka, tudu ya kāre ta daga iska. Matarka Selani ce ta dasa ta da hannunta a shekarar da ta haifi Filomiz, kuma a inuwarta aka binne ta. Shekara da shekaru masu gawayi suna roƙonka, kana korarsu da gizago. Babu wanda ya iya buɗe baki ya tambaye ka. Ni ma ban iya ba.

Kai da kanka ka fito da gatari. Filomiz ta sha gabanka ta rungume bishiyar tana kuka.

"Baba, inuwar Mama ce fa."

"Na sani, 'yata."

"To, me za mu bar mata?"

"Uwarki ba ta jin rana yanzu. Jikokinta kuwa suna jin ƙishirwa. Matsa."

Ka cire hula ka tsaya a kan kabarin, ka yi magana a hankali, ba mu ji abin da ka ce mata ba. Sannan ka ɗaga gatari.

Maza suka jawo icen zuwa bakin teku. Ka ce ɗanye ne, da so samu ne ya sha iska ya bushe tukuna, amma lokaci bai ba mu wannan ba. Tun fitowar rana kake kansa har faɗuwarta, da tsufanka, kana ba yara rabon ruwanka kana cewa ka sha a gida. Ka gama gefe biyu. A kan na uku gizago ya zame ya sare ka a ƙwauri. Ka ɗaure da tsumma ka ci gaba. Na ce ka huta, ka ce, "Ismen, in na kwanta wa zai tashi?" Ƙafar ta kumbura, ta yi baƙi, zazzaɓi ya rufe ka. Aka kawo maka kujera kusa da icen, kana nuna wa Dyefo inda zai sara, amma hannun Dyefo na tuƙi ne. Sara biyu ya yi ka ce ya ajiye kafin ya kashe mu duka.

Da ka fara kiran Selani kana tambayar ko ta ɗora shinkafa, muka san asibiti ne kaɗai ya rage. Muka ɗauko karyayyen ginshiƙin, muka haɗa bakinsa da ƙusoshi da katako da duk igiyar da ke tsibirin, muka kafa. Da aka shigo da kai jirgin, hankalinka ya dawo na ɗan lokaci. Ka ɗaga ido ka dubi ɗaurin.

"Wane makaho ne ya yi wannan aikin?"

Dyefo ya ce, "Ni ne, Bos," hawaye na zuba masa.

"Ba zai kai ba. Ku sauke ni."

Ba mu saurare ka ba. Muka rage ƙyallen, muka tashi. Ya ɗauke mu har muka wuce rabin mashigi, har na fara cewa Allah ya ji mu. Sai iska ta juya. Ƙarar da na ji ba za ta bar kunnena ba har in mutu. Ginshiƙin ya ɓalle daga ɗaurin ya faɗa teku da ƙyalle da igiyoyi, ya fara jan jirgin gefe, dole Dyefo ya sa adda ya yanke komai. Muka kama manyan filafilai biyu, ni da Dyefo da maza biyu da suka raka mu, muka yi ta tuƙi. Jirgin kaya ba ya jin filafili. Tafin hannuna ya saɓule. Na yi ihu har muryata ta tafi, na cire ɗankwalina ina kaɗawa, babu jirgi ko ɗaya a kan ruwan. Ga Okay can, ga mu nan, ruwa yana mayar da mu baya.

Filomiz tana jiƙa maka leɓe da ɗan ruwan da ya rage. Ka kira ni, na ajiye filafili na durƙusa.

"Ƙanwata, icen nan... kada ku bar shi a rana, zai tsage. Ku rufe shi da ganye."

"Za ka rufe da kanka, Yaya."

"Siririn kan sama... kada Dyefo ya ci shi da yawa."

Da wannan maganar ka cika. Kafin rana ta faɗi wasu masunta daga wani tsibiri suka gan mu, suka jawo mu gida. Sun bar mana jarkar ruwansu, sun kuma yi alkawarin kai labari birni. Har yau muna duban teku.

Mun binne ka kusa da Selani, a gefen kututturen. Babu inuwa a wurin yanzu. Icen yana nan kwance a bakin ruwa, mun rufe shi da ganye kamar yadda ka ce. Gefe biyu sumul, na uku da jininka a kai, na huɗu ko ɓawo ba a cire ba. Ruwan da ya rage a tsibirin da kofi ake raba shi. Jiya jaririn maƙwabciyata ya yi ta kuka babu hawaye. Gobe ni da Dyefo da Filomiz za mu ɗauki gizagonka, domin babu wani da zai ɗauka. Ba mu iya ba, Yaya. In muka ɓata wannan, babu wata bishiya.

Ya Ubangiji, ka ji ƙan bawanka Anteno. Ka gafarta masa kurakuransa, ka shayar da shi fiye da yadda ya hana kansa don 'ya'yan mutane, ka ba shi inuwa a wurinka tare da Selani da Lisyen. Ina miƙa ta'aziyyata ga Filomiz da 'ya'yanta, da dukan zuriyar Merizye na nan da na ƙetare, da Kyaftin Dyefo wanda har yanzu bai iya kallon bakin teku ba, da duk wanda ya taɓa hawa jirgin da hannun Bos ya taɓa ya sauka lafiya. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa.

Ku kuma da za ku ji wannan, bayan kun yi masa addu'a, ku yi mana. Ku roƙi Allah ya daidaita hannunmu gobe.