Binnen Iya Tabawa

Mu biyar ne a tsakar gidanmu na Yako ran nan: kakarmu Iya Tabawa, ni, ƙanwata Ladi, Goggo Hanne da ke ɓarar gyaɗar iri, sai Baffa Ɗanlami, autan Iya, wanda ya sauka daga birni da la'asar. Bazara ce, ruwa bai zuba ba tukuna. Muna zaune nesa da murhu saboda zafi.

Baffa ya share tuwonsa, ya jawo na Iya ya haɗa, ya lashe yatsu, ya goge hannu a gefen tabarmarta. Duk a idona. Sannan ya gyara murya.

"Iya, ki bar min gayaunar nan in sayar, ki biyo ni birni. Ci da sha, sutura da magani, ɗaki da shimfiɗa, duk a wuyana."

Wannan 'yar gonar ita ke ci da Iya tun rasuwar kakanmu. Mu ta juyo ta kalla.

"Ku matso, ja'irai, ga wata tatsuniya nan tafe."

Wai kura ce ta tarar da tsohuwar tunkiya a cikin shingen ƙaya. Ta ce, "Baiwar Allah, me kike yi a ƙuncin nan? A gidana akwai dusa da kanwa, harawa da ruwan sanyi, inuwa da hutu." Tunkiya ta ji daɗin jerin, ta ture ƙaya ta fito. Da suka isa, ba ta ga komai ba sai tukunya a kan wuta. Ta ce, "Ina dusar da kanwar?" Kura ta ce, "Kanwa tana cikin tukunya. Ke ake jira."

"Iya, ta cinye ta?" in ji Ladi.

"Har ƙashi da ɓargo."

Goggo Hanne ta sunkuyar da kai. Baffa kuwa dariya ya yi, baki duk maiƙo. "Iya ba kya tsufa! Gobe da hantsi mai saye zai zo."

Yau ni ma na zama kaka, ban taɓa shiga aji ba, amma kunnena ya gama karatu a tabarmar nan. Masu neman ƙuri'a su zo, masu neman 'ya'yana su zo, duk wanda ya fara jero min alheri biyu-biyu sai in tuna kurar nan. Hannunsa nake kallo, in ga me ya zo ɗauka.

A wajenmu ba a cinikin gonar da iri ke cikinta sai an girbe. Washegari daga sallar asuba Iya ta saɓa sungumi, ta ɗauki ƙoƙon gero, ta shiga binne a busasshiyar ƙasa. Da Baffa ya iso da mutuminsa a babur, mutumin ya dubi ramukan, ya gaishe ta, ya juya abinsa.

Iya ta miƙa wa Baffa sungumin.

"Auta, tunda ka zo, saura gefen kukar can."