Kawu da Makiyayin Lusitaniya

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, malamin tarihi ne a wata sakandare a Gwandu har ya yi ritaya. Sarakuna da mayaƙa da yawa sun bi ta bakinsa, amma mutum ɗaya ne ya zauna masa a zuciya: wani makiyayi na ƙasar Lusitaniya, can inda Fotugal take a yau, wanda ya zama shugaban mutanensa, ya hana rundunar Rumawa sakat shekara da shekaru. Kawu kan ba da labarinsa kamar tare suka yi kiwo. Ya faɗi yadda yake yin kamar ya gudu, Rumawa su bi shi cikin duwatsu, sai ya juyo musu. In ya zo inda aminansa suka ci amanarsa, suka kashe shi yana barci, sai ya tsaya ya gyara hula.

Da aurena ya tashi, shi ne wakilina. Amaryar 'yar Kalgo ce, gidan masunta masu rufin asiri. Tun da motarmu ta bar Gwandu Kawu ya ɗauko labarin auren makiyayin.

"Surukinshi attajiri na," ya ce. "Anka jera mishi kwanonin zinariya da azurfa, bai ko zamna ba. Gurasa kaɗan ya ci, ya aza amarya bisa doki, sai dutsi. Haka ya kamata namiji ya kama kanshi gidan surukai."

Matarsa, wadda muke kira Inna, tana kujerar baya. Ta ce, "To, Malam, mun ji."

Bayan ɗaurin aure aka shigar da mu zaure, aka kawo tuwon shinkafa da miyar giwan ruwa. Kawu ya ce zai ɗan taɓa ne don kada a ce ya raina. Ya kai loma ɗaya. Sai na ga ya naɗe hannun babbar riga. Surukina, dattijo mai ƙarancin magana, ya lura, ya riƙa tura masa tsokar kifi yana cewa, "Ƙara, Malam, da safen nan ta hito ruwa." Kawu bai ɗago ba sai da kwano ya yi fes.

Ashe labari ya riga mu isa cikin gida. Muna kama hanyar komawa Inna ta ce, "Malam, yaya gurasar?"

"Ke dai bari," ya ce. "Babu giwan ruwa a Lusitaniya."

Har direba sai da ya rage gudu don dariya.

Daga ranar suka ƙulla abota da surukina. Kawu kan hau mota ya tafi Kalgo ba tare da wani dalili ba, ya zauna bakin ruwa inda masunta suke gyaran komar kamun kifi, yana ba su labarin yaƙin Rumawa. Surukina bai taɓa iya faɗin sunan ƙasar daidai ba, amma duk sanda aka zo kan cin amanar sai ya ajiye zare ya yi tsaki.

Da ciwo ya kwantar da Kawu, dattijon ya baro sana'arsa ya zo Gwandu, ya yi ta zama gefen shimfiɗarsa yana yi masa fifita. Ranar da Allah ya karɓi abinsa, da shi aka yi masa wanka, kuma shi da ni muka sa shi a makwancinsa.