Salmanu, Wanda Sai Ya Je Ya Gani

Bari in fara da laifina kafin wani ya riga ni. Shekara goma sha huɗu da suka wuce na rubuta a jarida cewa Alhaji Yasir mai injin niƙa ya rasu. Wurin mai shayi na ji, ban taka ko'ina ba. Washegari sai ga mamacin har gida da jaridar a hannu, ya ce ba mutuwar ta dame shi ba, shekara tara da na ƙara masa ne. To wannan mutumin, wato ni, shi ne wakilin niƙaba, ƙungiyar 'yan jarida a yankinmu, kuma shi ne yau zai yi wa Salmanu mai shela jinjina. Malesh, a yi haƙuri, haka aka samu.

Shekara talatin da ɗaya, da an sallame asuba Salmanu zai fito da kekensa, batirin mota ɗaure a baya da igiya, lasifika a gaba. Matarsa Hannatu ta tsaya bakin ƙofa tana maimaita masa sunaye, domin a hillarmu, ƙauyen nan da ke gefen Suki, masu suna Adam sun kai goma, ba a son a kashe wanda ba shi ba. Daga nan ya bi bakin tur'a, babbar hanyar ruwan gonaki, yana faɗa da Hausa don tsofaffi, ya maimaita da Larabci don 'ya'yansu: wance ta haihu, akuyar wane ta ɓata, ranar kaza ruwa zai shiga hawasha, wato gonar su wane.

Doka ɗaya gare shi: ba ya faɗin abin da bai gani ba. In rasuwa ce, sai ya shiga gidan ya ga an lulluɓe. In akuya ce, sai an nuna masa turken da guntun igiyar. An sha yi masa tsiya a kan haka. Khadijat mai shayi ta taɓa cewa ko gemunsa aka ce ya kama wuta, madubi zai fara nema.

Sai shekarar da yaƙi ya yanke waya, jaridu suka daina zuwa, mu masu alƙalami muka koma zaman inuwa. Keken Salmanu ya zama shi ne jaridar, shi ne rediyon. A lokacin ne wani babba, daga wani ofishi da ba zan ambata ba, ya ba shi takarda ranar Lahadi: a sanar cewa za a saki ruwa ranar Alhamis, kowa ya shuka. So yake a rubuta wa na sama cewa an yi shuka a kan lokaci. Mutane kuwa ɗan irin dawar da ya rage musu ke nan, wanda suka hana bakinsu. In ya shiga busasshiyar ƙasa ruwa bai biyo ba, tsuntsu da tururuwa sun samu, shekara ta tafi.

Salmanu ya karɓi takarda, ya hau keke, ya nufi kogi, tafiyar sa'a biyu cikin rana. Da la'asar aka ji shi bakin kasuwa:

“Jama'a, an ce in gaya muku ruwa na zuwa Alhamis, kowa shi shuka. Na je bakin kogi. Ɗakin famfo na nan, injin babu shi. Wanga shi ne abin da na gani.”

Kafin magariba yana kulle cikin tsohon ɗakin ajiyar auduga, lasifikarsa kan teburin babban. Waɗanda ke wurin sun ce babban ya gaya masa sanarwa aka ce ya yi, ba bincike ba. Salmanu ya amsa da cewa ai ya sanar, kalma ɗaya bai rage ba, idonsa ne kawai ya ƙara.

Nan ruɗanin ya fara, kuma har yau bai ƙare ba. Na tafi shagon Ziyad, inda ake hayar intanet na tauraron ɗan Adam, na aika wa niƙaba saƙo cewa an kama namu. Suka aiko da fom. Sunan kafar da yake wa aiki? Na rubuta: keke. Sunan edita? Na daɗe ina tunani, na rubuta: Hannatu. Samfurin aikinsa guda uku? Samfurin duk iska ta tafi da shi. 'Yan niƙaba, warwatse a garuruwa biyar, suka kwana uku suna musu ta saƙon murya. Wani ya ce in aka karɓi mai shela, gobe ladan zai zo neman kati. Wani ya tambaya ko yana da shahada, wato takardar shaidar karatu. Na ce yana da shaidu.

Don in tabbata, na je tagar ɗakin audugar.

“Kawu, kai ɗan jarida ne?”

“Mi ne ne shi?”

“Mai ba mutane labari.”

“Kamar kai?”

“Kamar ni.”

“To a'a.”

Wannan ban aika wa niƙaba ba.

Wadda ta yanke musun ita ce Huda, mai kula da haƙƙin ma'aikata a niƙabar, wadda yaƙi ya kai Gadarif. Ta ce mutumin da aka kulle don ya je ya gani ya dawo ya faɗa, in ba ɗan jarida ba ne, to a gaya mata su wane ne mu. Ranar Laraba sanarwar niƙaba ta fito da sunansa cikakke, ana neman a sake shi da kayan aikinsa. Ranar Alhamis aka sake shi. Ruwa bai zo ba, ran nan ko wadda ta biyo ta. Irin dawa ya zauna cikin tukwane har ruwan sama ya sauka, aka shuka, aka ci.

Sai dai lasifikar. Ranar Lahadi lasifikar mai shela ce, da an ba da haƙuri an karɓo. Da sanarwarmu ta iso ranar Laraba, sai ta zama kayan watsa labarai marasa lasisi, aka sa ta a mota zuwa birni. A birni suka ce mai shela ba huruminsu ba ne, a koma hilla. A hilla aka ce ɗan jarida ya fi ƙarfinsu, a koma birni. Sau bakwai Salmanu ya je. Na ba shi shawara ya yi shelar ɓatanta, ko wani ya gani. Ya ce shi bai ga ta ɓata ba.

Haka ya ci gaba, tafin hannu biyu a baki, Hausa sannan Larabci, rana da ƙura, har muryar ta dushe. Watan jiya Hannatu ta ce ya isa, ta jingine keken. A makon ne katinsa na niƙaba ya iso, da hoto da hatimi. Ya juya shi gaba da baya, ya tambaye ni me ake yi da shi. Na ce ana nunawa. Ya ce wa? Ni ma da na riƙe nawa shekara ashirin, sai na tsaya tunani.

Kawu Salmanu, mai ido kafin baki. Kai ne ka taka sa'a biyu cikin rana don jimla ɗaya, alhali mu muna rubuta shafi guda daga kan bencin mai shayi. Kai ne ka faɗi saƙon babba yadda ya ba ka, ba ka zage shi ba, ba ka kuma rufa masa ba. Tuwon da aka ci a hillar nan bara, akwai muryarka a ciki. Ban san ko ɗan jarida ne kai ba. Ka ce a'a, Huda ta ce i, kati ya ce keke. Abin da na sani, mun gode. Allah Ya saka, Ya mayar maka da muryarka.

Ku kuma matasa masu waya a hannu, da ku 'yan'uwana masu kati a aljihu, kafin ku tura labari ku tashi ku je ku gani. Kuma in an kama wanda ya gani, ku tsaya masa kamar yadda niƙaba ta tsaya, ko da fom bai san sunan aikinsa ba.

Na karanta wa Hannatu wannan rubutun kafin in aika, tunda ita ce edita. Gyara ɗaya ta yi. Ta ce ba sanarwarmu ta fito da shi ba. Surukar babban ce ta rasu ranar Alhamis da safe, kuma babu wani mai shela a hillar.

Ko ita, sai da ya je ya gani.