Ranar da Na Cire Wa Tarakta Goyonta

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da sunayen wasu da muka yi shekaru muna aiki ofis ɗaya da su a Gusau. Amma ko tsufa ya kai ni inda ya kai ni, ba na jin zan manta safiyar da na zauna a kan taraktata a bakin wata ƙorama, taya ɗaya na lilo a sama, ina jiran wani dattijo ya gaya mini abin da zan yi da hannuna.

Da na yi ritaya, sai na tattara kuɗin sallamata na sayi wata 'yar ƙaramar tarakta ta hannu, wadda aka taɓa aiki da ita amma aka sabunta mata fenti. Ba irin manyan nan ba ce da ake gani a gonakin masu hali. Ƙarama ce, amma tana da babban cebur na ƙarfe a gaba, wanda hannaye biyu ke ɗagawa su sauke. Da shi ake kwasar taki, da yashi, da ƙasa, a kai inda ake so a zube. Na kai ta ƙauyenmu da ke wajen Kekun Waje a ƙasar Bungudu, inda gonar gadonmu take. Duk abin da na tara a shekarun aikina yana jikin wannan ƙarfen, kuma ban ɓoye wa kowa cewa ina ji da ita ba.

Tuƙin mota na iya, amma tarakta ban san kanta ba. Sai wani abokina ya haɗa ni da wani dattijo mutumin Tsafe, wanda kowa ke kira Baba. Siriri ne, ba ya da yawan magana, hularsa kuma kullum a tsakiyar kai. Da ƙuruciyarsa jakai yake kora, yana ɗibar yashi da taki yana kai wa mutane. Daga baya ya samu shiga wata babbar gona, ya yi shekaru masu yawa yana tuƙa tarakta. Ranar da ya fara ganin tawa bai ce tana da kyau ba, abin da na so in ji ke nan. Zagaya ta ya yi sau biyu, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce in tayar masa da ita ya ji muryarta.

Ban taɓa ganin mutum mai kula da abin wani kamar Baba ba. Ba ya karya kumallo sai ya bi gaɓoɓin hannayen cebur ɗaya bayan ɗaya ya matsa musu giris. Daga nan ya duba baƙin mai, ya duba ruwa, ya ciro matatar iska ya kakkaɓe ta a tafin hannunsa. In na sayo man gas, ba ya zuba shi nan take. Sai ya bar shi ya kwana biyu a duro dattin ya kwanta, sannan ya tace da farin ƙyalle. Ba ya taɓa ajiye ta da cebur a sama, sai ya kwantar da shi ƙasa. In ya ɗauko kaya kuwa, ceburin kusa da ƙasa yake tafiya, kamar mai jin kunyar a gan shi. Akwai wani tiyo mai kai mai zuwa hannayen, wanda ni ban ga komai a jikinsa ba, amma Baba ya dame ni har sai da na je Gusau na sayo sabo. Na yi ta mita, ina cewa tsohon nan ya mai da ni ɗan aike.

Duk wannan na jure. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne duron. Sati biyu da fara aikinsa, Baba ya samo rabin wani tsohon duro mai tsatsa, ya cika shi da siminti da tsakuwa, ya soka ƙarfe ta tsakiya, ya rataya shi a bayan taraktar, wurin da ake maƙala garma. Na dawo daga gari na tarar da wannan mummunan abu manne da sabon fentina.

Na ce, "Baba, wannan kuma fa?"

Ya ce, "Alhaji, ka taɓa ganin an aza ma jaki mangala gehe guda? In ka aza mata kaya gaba, dole ka aza mata baya. In ba haka ba, wata rana ta kihe da kai."

Mangala dai kowa ya san ta, jakar nan mai baki biyu da ake ɗora wa jaki, nauyin dama daidai da na hagu. Na ji bayaninsa, amma a raina na ce tsohon mai jakai ne kawai, har yanzu bai rabu da jakunansa ba. Ni da na zauna ofis shekara da shekaru, ina ganin Turawan da suka ƙera ta sun fi shi sanin abin da take bukata.

Sai mutanen majalisarmu suka samu abin yi. Duk sanda Baba ya wuce da taraktar ta bakin masallaci, sai wani ya ce, "Ga mai goyo nan ta fito." Wani ƙanen mahaifina, wanda bakinsa ba ya shiru, ya tambaye ni a gaban jama'a yaushe za a yaye ɗan, don su zo cin tuwo. Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, amma ta ciki na ciki. Ina da wannan halin tun ina yaro, gara a mare ni da a yi mini dariya.

Ana cikin haka, ƙarshen bazara, aka aiko wa Baba cewa ɗiyarsa ta haihu a Tsafe. Ya ce zai yi kwana biyar. Kafin ya tafi ya ce in bar aikin kai taki har ya dawo. Na ce to. Motarsu ba ta kai Gusau ba na kira samari huɗu, muka kwance duron, muka mirgina shi gefen zaure. Na wanke taraktar tas, na tsaya daga nesa ina kallon ta, raina fari ƙal.

Kwana uku da tafiyarsa hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ga tulin taki a bayan gida, kuma duk manomi ya san in ruwan farko ya sauka kafin taki ya isa gona, an yi asarar rabin shekara. Na ce ai abin ba gagara ba ne, na sha ganin yadda Baba ke yi. Da hantsi na hau, na soka ceburin cikin tulin, na ciko shi har yana zuba. Takin shanu ne mai danshi, mai nauyin gaske. Sannan na yi abin da Baba bai taɓa yi ba, na ɗaga shi can sama, don in wuce ta bakin masallaci a ga taraktata ba goyo, a kuma ga ni ke tuƙi. Aka gani kuwa. Har hannu na ɗaga musu.

Tsakanin gari da gonata akwai ƙorama. A lokacin ba ruwa, sai yashi, amma hanyar sauka cikinta gangare ce, kuma ta hannun dama ruwan bara ya zaftare gaɓar, ya bar rami mai zurfin da ya fi tsayin mutum biyu. Ina fara gangarawa na ji bayan taraktar ya yi sakayau. Na taka birki, ba ta ji ba. Tayar gaba ta dama ta faɗa wani ɗan gurbi ta tokare da dutse, sai gaba ɗaya ta karkata wajen ramin. Na waiga, na ga tayar baya ta hagu ta bar ƙasa, tana juyawa a iska. Cikin ruɗewa na cafki sandar cebur na ja ta ba daidai ba, ya ƙara yin sama da fizga, taraktar ta ƙara sunkuyawa. Na kashe injin, na riƙe sitiyari da hannu biyu, na shiga salati.

Masu jakai da ke ɗibar yashi a ƙoramar su suka fara rugowa, sannan mutanen gari. Kowa da shawararsa. Wannan ya ce in yi tsalle, wancan ya ce a kawo igiya a ja ta gefe. Ni kuwa ko numfashi mai ƙarfi na yi sai in ji ƙarfen ya motsa a ƙarƙashina. Na san in na ɗaga jikina daga kujerar, nauyin da ya rage a baya ya tafi, za ta bi ni ramin ta danne ni. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba. Na tuna mai ɗakina da yara, na tuna a kan dariyar majalisa zan mutu, sai kunya ta haɗu da tsoron.

Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Sai na ji ƙarar babur, na ji jama'a na cewa, "Ga Baba, ga Baba!" Ashe shi ma ya ga hadarin daga Tsafe, ya tuna taki na nan a tule, ya katse kwanakinsa ya kamo hanya tun da asuba. Ya iso ƙofar gidana ya ga duron yashe a gefen zaure, tarakta kuma ba ta nan. Ɗan kabu-kabun da ya kawo shi ya gaya mini daga baya cewa ko sauka bai yi ba, cewa kawai ya yi, "Mu tahi rahi, maza."

Bai yi ihu ba, bai tambayi wanda ya cire duron ba. Ya zo daidai inda zan ji shi, ya ce, "Alhaji, kak ka motsa. Kak ka taɓa komi. Ka dube ni, kak ka dubi ramen ga." Ya sa aka jefar da igiyar da aka kawo. Ya sa mutum biyu suka tokare tayoyin gaba da manyan duwatsu. Sannan ya juya ga masu jakai ya ce, "Ku sauke muna mangalolinku, da yashinsu." Suka tsaya suna kallonsa. Ya ce, "Ku yi hamzari, bayin Allah!"

Ya karɓi wani ƙaƙƙarfan itace ya gitta a kan ƙarafan baya, inda duron yake a da. Shi da kansa ya shiga ƙarƙashin wannan tayar mai lilo, wurin da in taraktar ta juya shi za ta fara kwashewa, ya riƙa karɓar mangala yana ratayawa a hankali. Ta farko, ban ji komai ba. Ta biyu, na ji kujerar ta ɗan dawo. Da aka ɗora ta huɗu, sai tayar ta sauko sannu sannu har ta taɓa ƙasa. Jama'a suka ɗauki kabbara, ya ɗaga musu hannu su yi shiru.

Ya ce, "To, yanzu kama sandar cebur. Tura ta gaba kaɗan kaɗan, kamar kana shafa kan jinjiri."

Na ce, "Baba, injin a kashe yake."

Ya ce, "Na sani. Nauyinshi na sauko da shi. Kai dai tura."

Na tura a hankali. Wannan tulin taki ya fara saukowa sumul, ba fizga, ba ƙara, ba tsayawa. A lokacin ban gane ba, sai daga baya na fahimci cewa girisin da yake matsawa kowace safiya kafin ya sa wa cikinsa komai, da tiyon da na yi ta mita a kansa, su suka sa ya sauko haka. Da gaɓa ɗaya ta cije, ko tsohon tiyon ya fashe, fizga ɗaya ta ishe ni. Da ceburin ya kusa ƙasa ya ce in sauko ta hagu. Na sauko, na zauna dirshan a kan yashi. Shi kuma ya hau, ya tayar da ita, ya zubar da rabin takin, ya yi baya da ita a hankali har ta hau tudu.

Na zauna ina jiran faɗa, don na cancanta, kuma a gaban jama'a. Ya sauko, ya zagaya ta yana shafa tayoyin, ya leƙa ƙarƙashinta, sannan ya zo ya tsuguna kusa da ni. Ya ce, "Alhaji, ka yi kalaci kuwa?" Na girgiza kai. Ya ce, "Ita ma ba ta yi ba, na ga gaɓoɓin a bushe. Tashi mu tahi gida, ku duka ku ci." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma har muka rabu bai sake tayar da maganar ba. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Hawaye suka zubo mini, ban ma damu da wa ke kallo ba.

Da la'asar ni da kaina na kama duron tare da samarin nan muka mayar. Kafin ruwan farko ya sauka, Baba ya kai takin gaba ɗaya, rabin cebur rabin cebur, kusa da ƙasa.

Yau Baba ya tsufa, ya koma Tsafe cikin jikokinsa, ni ke tuƙa ta. Duron na nan da tsatsarsa, ban ko yi masa fenti ba. Ba na karyawa sai na bi gaɓoɓin nan da giris. In na wuce bakin masallaci aka ce ga mai goyo, sai in ɗaga hannu in ce a gaishe ta, ita ta riƙe ni. Abin da na koya a bakin ƙoramar nan shi ne, kada in ƙara raina sanin mutum don a bayan jaki ya samo shi, kuma kada dariyar mutane ta sa in cire abin da ban san amfaninsa ba. Masu dariyar duk suna wurin a ranar, amma mutum ɗaya ne ya shiga ƙarƙashin tayar.